Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Likitoci Da Masu Ba Da Magani A Kan Ƙwayar Ciwo Mai Haɗin Magani Biyu

Zuwa ga likitocin da ke rubuta maganin raɗaɗi, da masu harhaɗa magunguna da ke miƙa shi hannun marasa lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu abokan aikinku ne, ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da ke kula da masu fama da ciwo mai tsanani. Mun rubuto muku ne a kan rukunin magani guda, wato ƙwayar da aka haɗa maganin dangin mofin, masu kashe raɗaɗi mai tsanani, da farasitamol a cikinta. A ciki akwai kodin da farasitamol da ake kira ko-kodamol, da tramadol da farasitamol irin su Ultracet, da oksikodon da farasitamol irin su Percocet, da haidurokodon da farasitamol irin su Vicodin. Magunguna ne masu amfani. Da su wanda aka yi wa tiyata ke iya tashi ya taka, da su wanda ya karye ke samun barci. Kokenmu shi ne ana sallamar mutane da su ba tare da an gaya musu cewa magani biyu suka riƙe ba, kowanne da iyakarsa, kowanne kuma da hanyar da yake bi ya yi kisa.

Bari mu fara da rabin da aka fi mantawa da shi. A jikin kwalin akwai lambobi biyu, misali 30/500, ko 5/325, ko 37.5/325. Ta farko nauyin maganin dangin mofin ne a miligiram, ta biyu kuma ta farasitamol ce. Hankalin likita yakan tafi ga lamba ta farko, mara lafiya kuwa bai san ma'anar ko ɗaya ba. Babban mutum mai lafiyayyar hanta ba zai wuce giram 4 na farasitamol a cikin awa 24 ba, ba zai wuce giram 1 a sha ɗaya ba, kuma tsakanin sha da sha a samu tazarar awa 4 ko fiye. Ga ƙwaya mai miligiram 500, takwas ke nan a yini da dare, babu ƙari.

Ku ɗauki mutumin da aka cire wa haƙori aka rubuta masa 30/500, biyu duk bayan awa shida. Da wannan kaɗai ya kai miligiram 4,000, ma'auninsa ya cika. Washegari mura ta kama shi, ya sayi maganin mura mai miligiram 500 na farasitamol a ciki, ya sha sau uku. Da dare jikinsa ya yi zafi, aka miƙo masa farasitamol zalla guda biyu. Jimilla miligiram 6,500 a rana ɗaya, kuma gobe zai maimaita. Mutumin nan bai yi ganganci ba, bai kuma karya umarnin da ke kan takardarsa ba. Babu wanda ya gaya masa cewa abu ɗaya yake sha daga kwali uku. Sunan ma yana ƙara rikita lamarin, domin a Amurka ana rubuta acetaminophen, wasu takardun kuma APAP kawai suke ɗauke da shi, alhali duk farasitamol ne.

Abin da ke faruwa a hanta shi ne, tana mayar da wani ɗan kaso na farasitamol zuwa sinadari mai guba da ake kira NAPQI, sannan ta kashe gubar da wani sinadarin da take ajiyewa, gulutatiyon. Idan maganin ya yi yawa, ajiyar ta ƙare, sai gubar ta koma cin hantar kanta. Muninta shi ne ba ta nuna kanta da wuri. A ranar farko mutum na iya jin tashin zuciya kaɗan, ko ma ya ji garau. A rana ta biyu zuwa ta uku ciwo ya soma a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga ta uku zuwa ta huɗu ido ya yi ɗorawa, hankali ya rikice, jini ya daina daskarewa. Makarin wannan guba, asetilsistin, ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 8 na farko. Don haka a gaya wa kowa a fili: wanda ya wuce iyaka ya tafi asibiti a ranar, ko da yana jin lafiya lau, ya tafi da duk kwalayen da ya sha daga ciki. Ku kuma na ɗakin gaggawa ku tuna cewa jadawalin da ake auna yawan farasitamol a jini da shi daga awa 4 bayan sha an gina shi ne a kan wanda ya haɗiye da yawa a lokaci guda. Ba ya yi muku jagora a kan wanda ya tara a hankali cikin kwanaki, kuma irin wannan mara lafiyar ne ke zuwa a makare.

Giram 4 ɗin ma ba na kowa ba ne. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ana yi masa lissafi da miligiram 15 a kowane kilo a sha ɗaya, wato tsohuwa mai kilo 40 miligiram 600 ne iyakarta a lokaci guda, ƙwaya ɗaya ke nan, ba biyu ba. Haka mai ciwon hanta, da mai yawan shan barasa, da wanda ya kwana biyu ba ya cin abinci, duk ajiyar gulutatiyon ɗinsu ta yi ƙasa, dole a sauko musu da iyakar. Muna roƙo a riƙa ɗora mara lafiya a kan ma'auni kafin a rubuta, a daina ƙiyasi da ido. Saboda wannan haɗari ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta nemi kamfanoni a 2011 su taƙaita farasitamol ɗin da ke cikin irin wannan haɗi zuwa miligiram 325 a kowace ƙwaya. A ƙasashe da yawa mai 500 na nan a kasuwa, don haka kowa ya karanta wadda ke kan kantarsa.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda muke so ta zauna a zuciyar duk mai rubutawa. Wannan ƙwaya kamar mutum biyu ne a kan doki ɗaya, ba ka iya ƙara wa ɗaya gudu ka bar ɗayan a baya. Idan ciwo ya fi ƙarfin adadin da aka rubuta, ba a ƙara yawan ƙwayoyin. A sake duba mara lafiya a ga me ya canja, idan kuma akwai buƙatar ƙari, a raba magungunan biyu, a bar farasitamol a iyakarsa, a daidaita ɗayan shi kaɗai. Mara lafiya ya san wannan tun daga farko, ya san inda zai koma idan maganin bai riƙe shi ba, domin wanda ciwo ya hana shi barci da tsakar dare, in ba shi da wanda zai tambaya, kwalbar zai buɗe.

Rabi na biyu numfashi yake taɓawa. Magungunan dangin mofin suna dakushe sashen ƙwaƙwalwa da ke jin iskar da ta gurɓata ta taru a jini ya umarci ƙirji ya ja sabuwa. Haɗarin ya fi yawa a cikin awa 24 zuwa 72 na farko, da duk lokacin da aka ƙara adadi, da kuma cikin barci. Shi kaɗai a daidai adadi ba kasafai yake kashe babban mutum ba. Abin da ke kisa yawanci haɗi ne: da barasa, da diyazafam da 'yan'uwansa masu kwantar da hankali, da maganin barci, da gabapentin ko piregabalin na ciwon jijiya, da magungunan ƙaiƙayi da mura masu sa gyangyaɗi irin su purometazin, da maganin tari mai kodin. A 2016 FDA ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kan haɗa dangin mofin da dangin diyazafam, a 2019 kuma ta yi gargaɗi a kan gabapentin da piregabalin. Tambayar "kana shan wani magani?" ba ta kamo waɗannan, domin mutane ba sa lissafa abin da suka saya da kansu ko suka karɓa a hannun ɗan'uwa. Ku tambaya ɗaya bayan ɗaya: me kake sha don barci, me kake sha don tari, kana shan barasa, matarka ko mijinki na cewa numfashi na ɗaukewa cikin minshari? Mai asma mai tsanani, da mai daɗaɗɗen ciwon huhu, da mai ɗaukewar numfashi cikin barci, da tsoho, da mai ciwon ƙoda, duk a fara musu da mafi ƙanƙantar adadi ko a nemo musu wata hanya.

Wanda numfashinsa ke tsayawa ba shi ne zai ceci kansa ba, don haka bayanin nan na mai jinya ne, a kira shi ya tsaya a wurin. Sau da yawa iyali na jin minshari mai nauyi su yi hamdala cewa yau dai ya samu barci, su ja masa ƙofa. A koya musu bambancin. Mai barci na gaske idan ka kira sunansa da ƙarfi ko ka girgiza kafaɗarsa zai motsa. Wanda magani ya danne ba ya farkawa, ko ya buɗe ido ya sake lumshewa kafin ya gama jimla. Numfashinsa a hankali yake, da dogon shiru a tsakani, wani lokaci da ƙara kamar ruwa a maƙogwaro. Ɗan baƙin da ke tsakiyar idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. Leɓɓansa da farcensa sun canja launi, ga mai duhun fata kuwa a duba cikin leɓe da dasashi, za a ga sun yi toka-toka. A ɗora hannu a ƙirjinsa a ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya da agogo. Ƙasa da 12 abin tashi tsaye ne, ƙasa da 8 kuwa rai ne a bakin gaɓa.

Abin yi shi ne a kira motar asibiti nan take, a goga ƙullin yatsu da ƙarfi a ƙashin tsakiyar ƙirjinsa, a ba shi nalokson, makarin dangin mofin, idan akwai. Na feshin hanci mai miligiram 4, irin su Narcan, ana fesa shi duka a hanci ɗaya. Idan bai farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3, a fesa sabo a ɗaya hancin. Idan ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau ɗaya duk bayan daƙiƙa 5 zuwa 6. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko ruwan gishiri, kada a sa shi amai, kada a bar shi shi kaɗai. Abu biyu kuma muke so ku nanata. Ƙarfin nalokson na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, maganin da ke jikinsa kuwa na iya wuce haka, sai ya sake suma bayan kowa ya saki jiki. Sannan nalokson ba ya yi wa farasitamol komai. Wanda ya farka yana magana, hantarsa na nan cikin haɗari, asibiti dole ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2014 cewa a sa nalokson a hannun mutanen da ake jin za su iya shaida irin wannan hali, a 2023 kuma Amurka ta amince a sayar da na feshin hanci ba da takardar likita ba. Inda doka ta yarda kuma maganin na samuwa, ku rubuta shi tare ga duk wanda ke cikin rukunin haɗari.

Kodin na da tasa matsalar. Shi kansa ba shi da ƙarfi, sai hanta ta mayar da wani kaso nasa mofin ta hanyar sinadarin CYP2D6, kuma mutane sun bambanta a gado. Wasu jikinsu ba ya juya shi, sai su samu taurin bayan gida da jiri, ciwon kuma na nan. Irin wannan idan ya ce maganin ba ya masa aiki gaskiya yake faɗa, kada a yi masa kallon mai neman ƙwaya, a canja masa. Wasu kuma jikinsu na juya shi da sauri fiye da ƙima, adadin da aka saba bayarwa ya zame musu guba, kuma ba a gane su da ido. Wannan ne ya sa a 2017 FDA ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tramadol, ta kuma yi gargaɗi a kan ba mai shayarwa. Ba a ba da su ga wanda bai kai shekara 18 ba bayan tiyatar cire tonsil a maƙogwaro. Idan mai shayarwa ta riga ta sha, jaririn da ya yi laushi, ko barcinsa ya yi yawa, ko ya kasa kama nono, a garzaya da shi asibiti. Mai ciki da ta daɗe tana sha kuwa a sanar da masu karɓar haihuwa, domin jaririn na iya zuwa da wahalar rabuwa da maganin.

Tramadol na iya tayar da farfaɗiya, musamman ga mai tarihinta, kuma idan ya haɗu da magungunan ciwon damuwa irin su fuluoksetin da satralin yana iya kawo zazzaɓi, rawar jiki, gumi da ruɗewa. Oksikodon kuma yana taruwa a jini idan aka haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta kilaritromaisin ko ketokonazol, ko ritonabir na masu cutar ƙanjamau. Rifamfisin na tarin fuka akasin haka yake yi, yana rage masa ƙarfi, don haka ranar da aka dakatar da rifamfisin ƙarfin oksikodon na iya hauhawa ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, shi kuma idan zai yi kwanaki a kan farasitamol, a duba jininsa.

Sai maganar kwana nawa. Wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa a 2017 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka fara ba irin wannan magani, kashi 6 cikin 100 na nan suna sha bayan shekara guda. Ga waɗanda zagayen farko ya kai kwana 8 ko fiye, adadin ya haura zuwa 13.5, ga waɗanda ya kai kwana 31 ko fiye kuwa ya kusan 30. Alƙalamin da ya rubuta takardar farko yana da hannu a abin da zai biyo baya. A shekarar dai, wani gwaji da aka yi a ɗakunan gaggawa a birnin New York a kan masu ciwon hannu ko ƙafa ya gano cewa ibuprofen miligiram 400 tare da farasitamol miligiram 1,000 ya rage ciwo bayan awa biyu daidai da yadda haɗin oksikodon, ko haidurokodon, ko kodin ya yi. Ga wanda cikinsa da ƙodarsa ke ɗaukar ibuprofen, a nan ya kamata a fara. Idan dole sai an ba da mai ƙarfin, ciwon rauni ko ƙaramar tiyata yawanci kwanaki kaɗan ke isarsa. A ba da ƙwayoyin waɗannan kwanakin kaɗai, a kuma faɗa masa yadda zai sauka: ya fara barin na rana, na dare ya zama na ƙarshe, kuma duk farasitamol zalla da ya maye gurbi da shi ya shiga cikin lissafin giram 4 ɗin. Mai ciwon kai da ke shan kodin kwana 10 ko fiye a wata, maganin ne da kansa ke iya dawo masa da ciwon kan.

Wanda ya yi makonni yana sha kullum, jikinsa ya saba, kuma wannan ba laifinsa ba ne, ba kuma shi ne shaye-shaye ba. Idan aka yanke masa farat ɗaya zai yi hamma, hawaye, yoyon hanci, gumi, murɗawar ciki, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, har ya tafi neman sauƙi inda ba ku sani ba. FDA ta yi gargaɗi a kan yankewar gaggawa a 2019. A rage a hankali, kamar kashi 10 cikin 100 a mako ga wanda bai daɗe ba, ko a wata ga wanda ya haura shekara, ana ganinsa ana jin ta bakinsa. A kuma ja masa kunne cewa bayan ya daina, jurewar jikinsa ta tafi, adadin da yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi yanzu. Alamun da ke nuna abin ya wuce sabo su ne shan magani don kwantar da hankali maimakon ciwo, ƙarewarsa kafin lokaci, da zagayen likitoci. Wannan mutum jinya yake buƙata, a haɗa shi da masu yin ta. Kuma don Allah kada tsoron duk abin da muka lissafa ya sa ku hana mai ciwon daji, ko mai sikila da ciwo ya tasar masa, ko wanda ke kwanakinsa na ƙarshe, maganin da ya cancanta. Barin mutum yana murƙususu alhali maganinsa na cikin kabad shi ma cutarwa ce.

Taurin bayan gida kusan kowa yana samu, kuma jiki ba ya sabawa da shi kamar yadda yake sabawa da tashin zuciya bayan 'yan kwanaki. A rubuta maganin sassauta bayan gida, senna ko makrogol, tun ranar farko ga tsoho da duk wanda zai wuce kwana biyu, a ce ya sha ruwa ya riƙa motsawa. Kada ya yi tuƙi ko ya hau sama ko ya taɓa inji har sai ya ga yadda maganin ke masa. Idan lokacin sha ya wuce, ba a ninkawa. Na ruwa a auna shi da sirinji ko kofin da ya zo da shi, ban da cokalin cin abinci.

A gida a kulle shi, a ɗaga shi sama, a bar shi a kwalinsa. Ƙwaya ɗaya ta oksikodon na iya tsayar da numfashin ƙaramin yaro. Ba a ba kowa ko da ciwonsu iri ɗaya ne, domin nauyinsu da hantarsu da sauran magungunansu ba ɗaya ba ne. Abin da ya rage a mayar da shi ɗakin magani. Inda babu wannan tsari, a cakuɗa shi da ƙasa ko wani abin ƙyama, a ƙulle a leda a jefa a shara, a kankare sunan da ke jikin kwalin. Ku masu ɗakunan magani, ku tanadi akwati mai makulli na karɓar ragowar, ku kuma faɗa wa mutane akwai shi.

Roƙonmu na ƙarshe a kan takarda ne. A daina rubuta "a sha idan an ji ciwo" tsurarsa. Kowace takarda da kowane kwali su ɗauki adadin sha ɗaya, da mafi ƙarancin tazara, da iyakar ƙwayoyi a awa 24, da ranar dainawa, da jimla guda da manyan baƙaƙe cikin harshen da mara lafiya ke karantawa: akwai farasitamol a ciki, kada a haɗa da wani farasitamol. A ba shi 'yar takarda ya riƙa rubuta lokacin da ya sha, domin mai magagin magani yakan manta ya sake sha. Kafin ya bar gabanku, ku ce ya maimaita muku da bakinsa nawa zai sha, me ba zai haɗa da shi ba, kuma wa zai kira idan ciwon ya ƙi sauka. Idan bai iya maimaitawa ba, a sake bayanin ga wanda ya rako shi.

Wassalam,
Abokan aikinku, ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna.